Jikin Baba da Sauƙi

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. In na zauna wurin mai shayi a Tudun Wada, Amurka. In na shiga asibiti da safe, kafin in rataye jakata, Amurka. Har wani direba ya taɓa tare ni a bakin kasuwa don kawai ya ji ko da gaske ne a can kare ma yana da likitansa. Da gaske ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma na lura kullum wurin dariyar nake ba mutane, in haɗiye sauran. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, da mai daɗin da marar daɗin.

Sunana Isa, nas ne ni, ko da yake a unguwarmu ta Madaki likita ake ce mini, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara wa kowa ba. Shekara uku na yi a makarantar koyon jinya, na yi bakwai ina aiki a asibiti a nan Gombe. Da kuɗin fetur suka fara zubowa, sai gwamnati ta shiga gina ƙananan asibitoci a ƙauyuka. Gini fes, fenti fes, amma in ka leƙa ciki sai ka tarar da maigadi da awakinsa, babu ma'aikaci ko ɗaya. Sai aka ce za a tura wasunmu ƙasar waje su koyo yadda ake kula da lafiyar mutanen karkara, wata goma sha takwas. Wanda ya dawo da satifiket za a ba shi asibitocin yanki guda ya riƙe. Sunana ya fito. Ni da na yi shekara bakwai ina cewa "to, Sista", kun san yadda na ji.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, ƙafar Baba. Mahaifina fataucin shanu yake yi, kuma wata huɗu kafin wannan magana ya taka ƙusa a kara. Ciwon bai kai girman kwabo ba, amma ya ƙi warkewa. Na gwada fitsarinsa na ga ciwon sukari ne. Ya ƙi kwanciya asibiti, ya ƙi rage sukari a shayi, abin da kawai ya yarda da shi shi ne in riƙa wanke masa ƙafar kullum da safe kafin in tafi aiki.

Ni ne ɗansa na fari, kuma Baba Bafulatani ne na ainihi. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai yi magana da ni sai ya ce "kai", in zai yi maganata da wani sai ya ce "mutumin asibiti". Ina durƙushe ina wanke ƙafar, shi yana kallon bango yana ba bangon labarin farashin shanu. Amma ban taɓa zama kusa da shi kamar a waɗannan safiyoyin ba, kuma ina jin shi ma ya san haka.

Da na gaya masa zancen tafiya, na ce ina tunanin in nemi a ɗaga mini saboda ƙafar, sai ya ce, "Gwamnati ta kira mutum, ya ce mata ƙafa? Ƙafa tawa ce. A je."

Abokina Yohanna ne ya warware mini. Mutumin Kaltungo ne, ajinmu ɗaya a makarantar jinya, yana zaune a Kagarawal. Ya ce, "Malam Isa, Babanka Babana ne. Kullum safe zan biyo da keke in yi masa diresin, in wanke ƙafar in ɗaure, kowane wata kuma in rubuto maka." Ranar tafiya Inna ta cika mini rabin akwati da kuka da daddawa da yaji da kilishi. Baba bai raka ni ko ƙofar gida ba. Yana zaune a zaure, idonsa a kan carbi, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Motar haya na shiga zuwa Kano, mu tara a mazaunin mutum bakwai. Kuskuren da na yi shi ne da na gaya wa na kusa da ni aikina. Kafin mu kai Alkaleri ya kwaye riga ya nuna mini ƙuraje a haƙarƙarinsa, wata tsohuwa ta miƙo mini gwiwarta daga baya, direba ma ya riƙa waiwayowa yana ba ni labarin basir ɗinsa, mota tana gudu. Da taya ta yi faci muka sauka gindin wata tsamiya, nan na buɗe asibiti sosai. Ladana shi ne dafaffen ƙwai biyu da rake.

A Kano na fara shiga jirgin sama. Na sa kwat da wani tela a Tudun Wada ya ɗinka mini daga hoton mujalla, hammata ta matse har ba na iya ɗaga hannu. Duk abincin da aka kawo sai in ga kamar alade ne ya yi shigar burtu, don haka daga Kano har Landan, daga Landan har Niyok, burodi da ruwan shayi kawai na sa a cikina.

A Niyok aka tsayar da mu wurin binciken kaya. Ma'aikacin da na faɗa hannunsa baƙi ne wuluk, ƙato, kamar an ɗauko shi daga Bajoga. Daɗi ya kama ni, ban san lokacin da na ce masa "sannu da aiki" da Hausa ba. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya buɗe akwati, ya ɗaga kilishin Inna da yatsa biyu, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ya jefa a kwandon shara ina kallo. Ya kwance kuka ya ga gari kore, ya kira wani abokin aikinsa, suka tsaya suna kallona. Na ce ganyen bishiya ne, miya ake yi da shi. Ya ce in haka ne in ci ya gani. Na kwashi gari na watsa a baki, na ƙware, na yi ta tari koren gari yana fita ta hancina. Sai ya kai hannu kan ƙullin daddawa. Yana buɗewa ya ja da baya taku biyu, ya ce in ɗaure, in rufe akwatin, in wuce, Allah ya raka taki gona. To, ba haka ya faɗa ba, amma haka fuskarsa ta ce.

Daga nan wani jirgin, sannan bas yini guda, zuwa jihar da aka tura ni, Dakota ta Arewa, can kusa da iyakar Kanada. Masu tambayata dogayen benaye, ku yi haƙuri, ban zauna inda suke ba. Inda na zauna gonar alkama ce da shanu da sararin Allah. Sai ku yi awa guda kuna gudu a mota ba ku ga mutum a ƙasa ba. A nan, daga Gombe zuwa Dukku, ina za ka yi mil biyar ba ka ga mai tallan nono ko mai jaki ba? Can kuwa har na fara tunanin ko annoba aka yi ba a gaya mini ba.

Na isa makarantar, na miƙa takarduna a ofis. Matar da ke wurin ta dubi takarda, ta dubi gashin bakina, ta sake duban takarda. Ashe su a wurinsu suna irin Isa na mata ne, kuma aikin nas aikin mata ne, don haka tun wata biyu da suka wuce an ware wa "Malama Isa" gado a ɗakin kwanan 'yan mata, har da abokiyar zama. A ajinmu kaf ni kaɗai ne namiji. Na zauna a kan akwatina a baranda tun hantsi har la'asar ana ta buge-bugen waya a kaina.

Wadda ta cece ni ita ce Sista Marta. Ita ce nas mai zagaya ƙauyukan yankin, kuma ita za ta koya mana aikin a aikace. Doguwa ce, ta ba hamsin baya, ba ta da wasa a fuska. Ta ce ɗanta ya tafi birni ya bar ɗaki, in ina iya zama da shanu in ɗauko akwatina. Na ce ai cikinsu aka haife ni. Gidanta yana cikin gona, nesa da gari. Mijinta Hans manomi ne, in ya yi magana goma a yini to ranar ya yi surutu.

Gaisuwa ce ta fara ba ni kunya. Washegari na ga maƙwabcinsu ya zo aron wani ƙarfe, na tare shi yadda aka koya mini a gida. Na tambaye shi kwana, na tambaye shi gajiya, da iyali, da aiki, da sanyi, da shanu. Mutumin ya saurare ni har na gama, sannan ya juya ya tambayi Hans wai me nake sayarwa. Su kalma ɗaya ce, a ɗaga hannu, kowa ya kama gabansa.

Abinci kuwa dankali ne, safe da rana da dare, an dafa, an soya, an kirɓa. Madara da sanyinta kamar ƙanƙara suke sha. Marta ta ware mini tukunya da ba a taɓa dafa alade a ciki ba, ba tare da na roƙa ba, wannan ba zan manta mata ba. Ran nan kewar gida ta ishe ni, na samo garin masara na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawar da ta tsallake Niyok. Marta ta buɗe tagogi duka, cikin sanyin nan. Hans kuwa ya sa cokali ya ɗanɗana, ya ga miyar tana bin cokalin, sannan ya miƙo kwano a ƙara masa. Da azumi ya zo a tsakiyar zafinsu, rana ta ƙi faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, shi ne yake tsayawa a bakin shinge yana duba mini ita, in ta faɗi ya ɗaga hula.

Da shanu muka saba da shi. Shanunsu ba makiyayi, ba suna, lamba ce kawai a kunne. Wata safiya na nuna masa wata saniya na ce ba ta da lafiya, ya ce lafiyarta ƙalau. Bayan kwana biyu ta kwanta. Tun daga ranar in zai zagaya garke sai ya tsaya a ƙofar ɗakina ya yi gyaran murya.

Aikin Marta shi ne abin da aka turo ni in koya, kuma na koya. Mota ɗaya, jaka ɗaya, mace ɗaya, ƙasa kuwa ta fi daga nan zuwa Kaltungo faɗi. Ita ce mai awon ciki, ita ce mai rigakafi, ita ce mai duba tsofaffi. Matsalarsu irin tamu ce sak. 'Yan mata suna gama makarantar jinya sai su tattara su nufi manyan birane, kamar yadda namu suke kawo takardar likita in an tura su ƙauye. Duk wanda ya yarda zai zauna, har roƙonsa ake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffinsu. Mun je wurin wata tsohuwa da ta kusa casa'in, ita kaɗai a gida, sai kyanwa da wayar tarho. 'Ya'yanta huɗu, duk suna birni suna aiki. A mota na cika baki na ce wa Marta mu a ƙasarmu ba ma yin haka, tsoho a tsakiyar 'ya'yansa yake mutuwa. Ta ce, "To wa ke wurin naka yanzu?" Ba da mugunta ta faɗa ba, tambaya ce kawai irin tasu. Na ce abokina.

A wata na biyar muka je gidan wani manomi mai ciwon sukari, da gyambo a babban yatsan ƙafa, kamar an ɗauko na Baba an manna masa. Marta ta ce in shiga in wanke, ita tana kicin da matarsa. Da na fito ta ce yaya ƙafar. Na ba ta amsar da kowane ɗan Gombe zai bayar, na dai juya ta zuwa Turanci. Na ce da sauƙi.

Ta ce, "Sauƙi idan aka gwada da me? Ka taɓa ganinta kafin yau?"

Na ce a'a.

"To me ka gani? Faɗinta nawa? Wane launi? Tana wari? Ƙafar da ɗumi ko da sanyi?" Ta zaro ɗan ma'auni daga jaka ta miƙo mini. "Koma. Kada ka sake gaya mini abin da kake fata. Gaya mini abin da ka gani."

Na koma na auna, na zo na faɗa mata. Sai ta shiga ta zauna gaban mutumin, ta dube shi ido cikin ido, ta ce in bai je asibiti a makon nan ba za a yanke ƙafar daga gwiwa, in kuma ya kai wata mai zuwa to ba ƙafar kaɗai zai rasa ba. A gaban matarsa! Ni har na fara neman ƙofa. Mutumin ya ce ya gode, ya ce wa matar ta miƙo masa hularsa. A motarmu muka kai shi, kuma da ƙafarsa ya koma gida.

Wannan abu ya shige ni ƙwarai. Na zama ɗan gaban goshin Marta wajen awo da rubutu, har ina jin haushin mutanenmu. Mutum yana gargara, ka tambayi 'yan'uwansa, su ce da sauƙi. Na rubuta wa Yohanna doguwar wasiƙa na jera masa tambayoyi, na ce daga yau kada ya ƙara rubuto mini "da sauƙi", ya rubuto abin da ya gani. Ya kuwa yi. Wata bayan wata yana ba ni faɗin ciwon, da launinsa, da abin da fitsari ya nuna. Har ya ba ni labarin yadda ya shawo kan Baba ya yarda da allura, wai ce masa ya yi shanu ma ana yi musu ba sa gudu. Wani watan ciwon ya ragu, wani watan ya ƙaru.

Saura mako shida jarrabawar ƙarshe wata wasiƙa ta zo. Ban taɓa samun gajeriya irinta daga Yohanna ba. Bayan gaisuwa, ga abin da ke ciki:

"Jikin Baba da sauƙi. Ya ce a gaishe ka, ya ce yaya karatu. Sai dai a ci gaba da addu'a."

Babu faɗi, babu launi, babu zancen fitsari.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san "da sauƙi" hawa-hawa ce. Akwai "da sauƙi, har ya fita masallaci". Akwai "da sauƙi" ita kaɗai, wadda ba ta ce komai ba. Akwai kuma wadda ake rakawa da "sai addu'a", ita kuwa ko yaro ya ji ta ya san a fara sanar da na nesa. Amma dokar kwas ɗin a fili take, wanda ya tafi kafin jarrabawa ya tafi ke nan, babu satifiket, babu dawowa. Wata goma sha shida na sanyi da dankali su tashi a banza, in koma ina cewa "to, Sista".

Marta ta ga fuskata a wurin cin abinci ta ce lafiya. Na karanta mata wasiƙar, ina juyawa zuwa Turanci kalma bayan kalma. A Turanci kuwa wasiƙar lafiya lau take: ya samu sauƙi, yana gaisuwa, a yi addu'a.

Ta ce, "Bai faɗi abin da ya gani ba."

Na ce wataƙila sauri yake yi.

Ta ajiye cokali. "Isa, ni ban san yadda kuke magana ba, kai ka sani. In wannan takarda tana nufin ka tafi, gobe da safe zan kai ka filin jirgi da kaina, in kuma rubuta wa makaranta in yi iyakar ƙoƙarina. Me take nufi?"

Na ce, "Tana nufin ya samu sauƙi."

Na so a ce ita ce ta ruɗe ni, da na samu wanda zan ɗora wa. Ba ta ruɗe ni ba. Na rubuta wa Yohanna na ce ya aiko da cikakken bayani, alhali na san kafin wasiƙata ta je amsa ta dawo an gama jarrabawa. Na ninke tasa na sa cikin littafi, na ci gaba da karatu.

Na ci jarrabawa, na ci da kyau. Shugaban wani ƙaramin asibiti a yankin har gida ya biyo ni, ya ce in zan zauna akwai aiki, da gida, da mota, su namiji ma suke nema saboda manoman da ke jin kunyar mata. Na ce a'a, amma sai da na kwana biyu ina juya maganar kafin in faɗa. Wannan ma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Jarrabawar ina iya kare kaina a kanta, ko a gaban wa. Abin da ba ni da bakin karewa shi ne mako biyun da suka biyo baya. An ce za a yi bikin ba da satifiket, da doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu, kuma ana iya aiko wa mutum da takardarsa ta gidan waya in yana sauri. Na ce ina, wa zai yarda na je Amurka in babu hoto? Na zauna. Na yi sayayya, rediyo, agogo, da wani takalmi mai laushi da ake yi musamman don masu ciwon sukari, na auna da tafin hannuna yadda na san ƙafar Baba. Ranar rabuwa Marta ta ba ni ɗan ma'aunin nan nata. Hans ya kai ni tashar bas, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in gaida mahaifina, ya ce mutumin da ya koya mini shanu ya san abin da yake yi.

Dawowa ba ta da labari. Jirgi, jirgi, Kano, motar haya. Ban gaya wa kowa aikina ba a wannan karon. Mun shigo Gombe bayan la'asar, na sauko da akwatuna biyu da kwat sabuwa wadda ta yi mini daidai, ina ta baza ido in ga wanda zai fara ganina. Sai ga telan nan na Tudun Wada, wanda ya ɗinka mini kwat ta farko. Na washe baki na ɗaga masa hannu. Ya ƙaraso a hankali, ya kama hannuna da hannayensa biyu, bai ce sannu da zuwa ba. Ya ce, "Likita, ya haƙuri?"

A nan tsakiyar tasha na ji, a bakin tela. Kwana takwas ke nan da rasuwar, jiya aka yi sadakar bakwai. Sun san ina hanya, suka ce a bar ni in iso. Na yi lissafin a tsaye, ban so ba amma sai da na yi: da na taso washegarin jarrabawa, da na same shi da kusan mako guda.

An ba ni muƙamin da aka yi alkawari. Yanzu ina da mota da direba, ina zagaya asibitocin ƙauye, wasu mun samu ma'aikata mun buɗe, wasu har yau awaki. Ina koya wa sababbin nas su auna, su rubuta abin da suka gani, kuma na san an ceci ƙafafu da dama ta haka. Ba na cewa tafiyar banza ce. Amma ba ta ba ni daɗin da na zata ba, ko na yini ɗaya.

Washegarin dawowata Yohanna ya zo da safe, ya jingine kekensa inda ya saba jinginewa. Muka zauna a zaure. Ya yi mini ta'aziyya, ni kuwa maimakon in gode masa sai na hau shi da faɗa. Na ce, "Kai nas ne! Na ce ka rubuto abin da ka gani. Me ya hana ka?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Na rubuta, Malam Isa. Shafi biyu. Ƙafa ta yi baƙi har idon sawu, zazzaɓi ba ya sauka, likita ya ce a yanke Baba ya ce shi da ƙafarsa zai koma ga Allah. Duk na sa. Sai ya ce in karanta masa kafin in kai gidan waya. Da na gama ya ce in yaga."

"Sai ka yaga?"

"A gabansa. Ya ce ba a aika wa mutum irin wannan yana ƙasar wasu. Na ce, to Baba, in rubuta cewa kana son ya zo? Ya daɗe yana kallon bango. Ka san shi, ba zai iya cewa a kira ka ba, bakinsa ba zai ɗauka ba. Can ya ce, rubuta da sauƙi. Na rubuta. Ya ce, ƙara da cewa sai addu'a. Na ce, Baba, in bai gane ba fa? Ya ce, a gidan nan aka haife shi, zai gane."

Yohanna ya nuna tabarmar da nake zaune a kai. Ya ce tun daga mako biyu bayan an aika wasiƙar, kullum la'asar sai Baba ya ce a fito da shi nan ya sha iska, daidai lokacin da motocin Kano suke shigowa. Bai taɓa cewa wani yake jira ba. In an kira magariba sai ya ce a mai da shi ciki, iskar ta isa.

Da ya ga halin da nake ciki, sai ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Kada ka ɗora wa kanka. Ka daɗe cikin Turawa, kunnenka ya saba da irin maganarsu. Ba laifinka ba ne da ba ka gane ba. Laifina ne, da na ƙara ko layi ɗaya a ɓoye."

Na bar shi a haka. Ya tashi ya hau kekensa ya tafi aiki da wannan nauyi a kansa, kuma har yau yana ɗauke da shi, don ban taɓa buɗe baki na sauke masa ba.

Ba laifinka ba ne, Yohanna. Wasiƙarka ta isa, kuma ba ta rage komai ba. Tun ina tsaye a bakin akwatin wasiƙu, kafin in kai ƙarshen layin, na gane.